Jirgin ruwa babu matuƙi: ko kwantena za ta yi sauƙi a Maraɗi?

Ranar nan a cikin shirinmu na safe, wanda muke karanto farashin kaya na kasuwanni, wata hajiya mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi ta bugo mana waya da wata tambaya da ta sa mu dariya da farko, daga baya kuma ta hana mu sakat. Ɗanta ne ya nuna mata hoton wani jirgin ruwa a salula, yana tafiya shi kaɗai bisa teku, ba direba ba apranti. Lissafin Hajiya mai sauƙi ne: in babu wanda za a biya albashi a cikin jirgi, ashe kuɗin dakon kwantena daga ƙasar Sin zai faɗi, dilar atamfa ta sauko. Abin da take son sani shi ne ko ta jinkirta sarin da take shirin yi har sauƙin ya iso. Mun yi mata alkawarin bincike, to ga abin da muka tarar, ita da sauran alhazai da hajiyoyin da kayansu ke biyo ruwa.

Da ma tambayar ba ta banza ba ce. Nijar ba ta da teku, amma da wuya ka shiga rumfa a Damagaram, Tawa ko Yamai ka rasa abin da ya kwana bisa ruwa kafin ya hau kamiyo: shinkafa, taliya, madarar gari, tumatirin gwangwani, babura da kayan gyaransu, gwanjo, har da takalman roba. Hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya jirgin ruwa ke ɗaukarsu. Namu suna sauka Kwatano, Lome, Tema, Abijan ko Legas, sannan su kama doguwar hanya. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya a 2023, da yawa suka koma bin Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayari, kuma kowa ya ji a aljihunsa. Daga can bisa teku ma an taɓa jin raɗaɗi: a 2019 matsakaicin kuɗin dakon babbar kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin duniya dalar Amurka 1,400 ne da ƴan kai, amma a watan Satumba na 2021 ya haura dala 10,000, wato sama da miliyan 5 da rabi na sefa. Duk inda muka ce dala a nan ta Amurka muke nufi fa, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Abin da ake gwadawa a Norwe

Cibiyar wannan bincike tana can arewacin Turai, a Norwe, ƙasar da teku ya tsattsaga ya shiga tsakanin duwatsu, har wasu garuruwan sai da jirgin fito ake isa gare su. A 2016 hukumomin ƙasar suka ware mashigin ruwan birnin Trondheim domin gwajin jirage masu tuƙa kansu. A wannan birni ne jami'ar kimiyya da fasaha ta ƙasar take, wadda ake kira NTNU. Malamanta da ɗalibai suka ƙera wani ɗan jirgin fito mai aiki da batir, suka raɗa masa suna milliAmpere 2, kuma a watannin Satumba da Oktoba na 2022 suka buɗe shi ga jama'a na mako uku. Fasinja ya shiga, a danna maɓalli, jirgi ya tsallaka da shi. Idanunsa kyamarori ne da rada da wata na'ura mai auna tazara da haske, ƙwaƙwalwarsa kuwa kwamfuta ce da ke lissafa inda kwale-kwalen da ke gabanta ya dosa, sannan ta yanke ko ta dakata ko ta wuce. To amma ku ji girman abin: mutum 12 yake ɗauka, ruwan da yake tsallakawa kamar mita 100 ne, bai kama ƙafar faɗin kogin Isa a Gaya ba, kuma duk tsawon gwajin akwai ma'aikaci tsaye a ciki saboda ko-ta-kwana.

Wanda ya fi yin suna, kuma muna zaton shi ne ɗan Hajiya ya gani, shi ne Yara Birkeland. Kamfanin takin zamani na Yara ya sa aka ƙera shi, kamfanin Kongsberg ya sa masa na'urori. Tsawonsa mita 80, yana ɗaukar ƙananan kwantena 120, ba ya shan gazuwal, da batir yake tafiya. Ya fara aiki a 2022, yana kwasar taki daga masana'antar Porsgrunn zuwa tashar Brevik, tafiyar da ba ta kai ta Maraɗi zuwa Madarunfa ba. An yi shi ne don ya maye gurbin sawun kamiyo 40,000 a shekara. Da farko an yi shelar cewa kafin 2020 ta ƙare zai riƙa tafiya babu kowa a ciki. Da lokaci ya yi, da ma'aikatansa ya fara, ana rage su sannu a hankali, wasu kuma na zaune a wani ɗaki a garin Horten suna kallonsa ta allon kwamfuta.

Japan ma ta gwada. A watan Fabrairu na 2022 wani jirgin kwantena mai suna Suzaku ya yi tafiyar kilomita 790, zuwa da dawowa daga Tokyo, yana tuƙa kansa kusan duk hanyar. Su abin da ya kora su shi ne tsufa: fiye da rabin ma'aikatan jiragen cikin gidansu sun haura shekara 50, matasa kuma ba sa son aikin.

Labarin da ya fi koya mana wani abu shi ne na Mayflower. Ɗan jirgi ne mai tsawon mita 15, wanda wata ƙungiyar binciken teku da kamfanin IBM suka shirya a birnin Plymouth na Ingila, da hannun masanan jami'ar birnin, da niyyar ya ratsa tekun Atlantika zuwa Amurka babu ko mutum guda a ciki. A watan Yuni na 2021 ya tashi, bayan ƴan kwanaki wani ƙarfe ya karye a wajen janaretansa, dole ya juyo gida. A watan Afrilu na 2022 ya sake tashi, janareta ya sake ba da matsala, aka karkata shi zuwa tsibiran Azores aka gyara. Ya ci gaba, wata matsalar wuta ta taso, sai aka kai shi Halifax ta ƙasar Kanada, inda ya isa ranar 5 ga Yuni. Ya dai tsallaka tekun, ba a hana shi wannan ba. Amma a duk sau ukun ba ƙwaƙwalwar ce ta ɓata hanya ba. Ƙananan abubuwa ne da makaniki mai sifana a hannu zai duba nan take, sai dai babu makanikin.

Duk wanda ya taɓa bin kaya daga Gaya zuwa Ƙonni ya san wannan karatu. Direba na riƙe da sitiyari, amma in bututun ruwa ya fashe a daji apranti ne ke shiga ƙarƙashin mota ya ɗaure shi da roba. Haka jirgi yake. Yawancin aikin ma'aikatansa ba tuƙi ba ne: kankare tsatsa, shafa fenti, wanke matatar mai, ƙara ɗaure kwantenan da igiyar ruwa ta sassauta, duba sanyin masu ɗauke da kifi da kaji, kashe gobara in ta tashi. Ga kuma doka. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, OMI, da ke Landan, ta gama nazarin farko a 2021, inda ta kasa jiragen gida huɗu, daga mai ma'aikata da na'ura ke taimaka wa har zuwa mai yanke shawara shi kaɗai, kuma jadawalin da ta tsara ya ajiye 2032 a matsayin shekarar da dokarsu za ta zama dole. Tambayoyin masu nauyi ne. In jirgi marar kowa ya take kwale-kwalen masunta, wa za a kama? In ya tarar da mutane na nutsewa, wa zai miƙa musu hannu? A NTNU ɗin ma akwai ɗakin gwaji na musamman da ake auna wani abu guda: mutumin da ya daɗe yana kallon allo babu abin da ya faru, yaya hankalinsa ke dawowa in aka ce masa karɓi tuƙi yanzu-yanzu?

Jami'ar harkokin teku ta duniya da ke Malmö a ƙasar Suwidin, wadda OMI ta kafa a 1983, ta fitar da wani babban rahoto a watan Janairu na 2019 kan sufuri zuwa shekarar 2040. Abin da ta hango shi ne canjin zai zo a hankali, zai fara da gajerun hanyoyi na kusa da gaɓa, kuma za a ci gaba da neman ma'aikatan jirgi saboda ciniki na ƙaruwa.

Yanzu bari mu yi wa Hajiya lissafi irin na kasuwa. Jirgin Ever Given, wanda ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021, tsawonsa mita 400, yana ɗauke da kwantena kamar 18,000, ma'aikatansa kuwa 25 ne kacal. Mu ƙaddara, misali kawai, kowannensu na karɓar miliyan 2 na sefa a wata. Miliyan 50 ke nan. A raba bisa kwantena 18,000, kowace ba ta kai jikka uku ba. Ko an sallami ma'aikatan kaf, abin da zai ragu a kan kwantenar Hajiya bai kai kuɗin ƴan dakon da za su sauke mata ita a mangaza ba. Saboda haka, Hajiya, a yi sari, kada a jira.

Mutanen da ba mu gani

Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin wannan bincike ba na'ura ba ce, mutanen da ke cikin jiragen ne. A ƙiyasin 2021 sun kai kusan miliyan 1.9 a duniya, da yawansu ƴan Filipin, Indiya, Sin, Indonesiya, Rasha da Ukraine. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce dole ma'aikaci ya huta aƙalla awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. A rubuce ke nan. A 2020 masu bincike na jami'ar Malmö suka fitar da rahoto bayan sun yi hira da ma'aikata, masu jirage da sufetoci, suka tarar gyara takardar hutu ya zama ruwan dare: mutum ya yi aikin da ya wuce ƙa'ida, a rubuta ya huta, don kada sufeto ya tsare jirgi a tasha. Tushen matsalar, in ji rahoton, shi ne ma'aikatan da ake sawa sun yi kaɗan ga aikin. Wannan fa tun ba a kai ga jirgi marar matuƙi ba, rage mutane kawai ake yi.

A 2019 jami'ar Yale ta Amurka ta tambayi ma'aikatan jirgi sama da 1,500. Ɗaya cikin huɗu ya nuna alamun ciwon damuwa mai tsanani, ɗaya cikin biyar ya ce tunanin kashe kansa ya taɓa zo masa. Cibiyar binciken ma'aikatan teku ta jami'ar Cardiff a Birtaniya, wadda ke wannan aiki tun 1995, ta daɗe tana nuna cewa kaɗaici, rashin hanyar magana da iyali da rashin samun sauka gari su ne ke cin mutanen nan. Da jirgi kan kwana da yawa a tasha, ma'aikaci ya fita ya sha iska. Yanzu injuna kan sauke kwantena su loda wasu cikin kwana ɗaya ko biyu, a kama hanya. Lokacin cutar korona abin ya kai maƙura: a watan Satumba na 2020 ma'aikata kamar 400,000 ne suka maƙale bisa ruwa, kwangilarsu ta ƙare amma babu ƙasar da ta yarda su sauka, wasu har sun haura wata 17. Shinkafar da muka ci a wannan shekara su suka kawo ta.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato mai jirgi ya ci bashi ya gudu ya bar jirgi da mutanen ciki, ba albashi, ba abinci, ba kuɗin komawa gida. Ƙungiyar ƙwadagon sufuri ta duniya, ITF, ta ƙirga ma'aikata 3,133 da aka yi wa haka a jirage 312 a shekarar 2024 kaɗai. Wani matashi ɗan Siriya ya shafe kusan shekara huɗu, daga 2017 zuwa 2021, a cikin jirgin Aman a gaɓar Masar, saboda kotu ta ɗora masa gadin jirgin. A ƙarshe shi kaɗai ya rage, ba wuta, sai ya yi iyo zuwa gaɓa ya sayo abinci ya yi cajin salula. Mahaifiyarsa ta rasu yana can. Kuma kada mu ce abin ya tsaya kansu. Jirgin Rhosus da aka yasar a tashar Bairut a 2013 yana ɗauke da tan 2,750 na wani sinadari da ake yin taki da nakiya da shi. Aka kwashe kayan aka zuba a mangazar tasha aka manta. Ranar 4 ga Agusta na 2020 suka fashe, mutum fiye da 200 suka mutu.

A kusa da mu kuwa, a mashigin tekun Gine inda jiragen Kwatano, Lome da Legas ke bi, cikin ma'aikata 135 da ƴan fashin teku suka sace a duniya a 2020, 130 a nan aka ɗauke su. Abin ya ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya, amma duk lokacin da hanya ta yi haɗari kuɗin inshora kan hau, kuma mai kaya ke biya.

Ga wani abu da muke so ƴan kasuwarmu su riƙe. A dokar teku akwai wata tsohuwar ƙa'ida, wadda taranziter ɗinku zai kira avarie commune da Faransanci. Ma'anarta, in jirgi ya shiga haɗari aka kashe kuɗi ko aka zubar da wasu kaya domin a ceci saura, to asarar ta kowa ce, mai jirgi da duk masu kaya, ko da kwantenarka ko ƙwarzane ba ta yi ba. Masu Ever Given sun ayyana wannan ƙa'ida, jirgin kuma ya zauna tsare a Masar har 7 ga Yuli na 2021. Mai inshora kamfaninsa ya tsaya masa. Marar inshora sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a sakar masa kayansa. Mun san da yawa daga cikinmu kan haɗa kuɗi mutum biyar ko goma su cika kwantena ɗaya, kuma inshora ce ta farko da ake tsallakewa don a rage kashe kuɗi. A ganinmu wannan ganganci ne, tun da ga shi masana sun nuna mana cewa mai riƙe da tuƙin jirgin ƙila bai yi barcin kirki ba.

Inda ƙarin zai ɓullo

In akwai abin da zai taɓa farashi nan kusa, mai ne. Jiragen ruwa ke fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma mu ƴan Sahel ba sai an yi mana bayanin zafi da rikicewar damina ba. Shekara da shekaru suna ƙona wani baƙin mai mai kauri, tukuɗin da ke saura a matatar fetur. Daga 1 ga Janairu na 2020 OMI ta rage yawan farar wuta da aka yarda da ita a cikin man daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100, kamfanonin jirage suka ƙara kuɗin a kan masu kaya. A 2023 ƙasashe suka amince a kawo ƙarshen hayaƙin jirage wajen shekarar 2050. Daga 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin jiragen da ke shiga tashoshinta kuɗin hayaƙi, kashi 40 a shekarar farko, 70 a ta biyu, sannan gaba ɗaya. Masu sayo motocin hannu da ake lodi a Anvers, wannan naku ne.

Ana neman mafita ta hanyoyi da dama. Mafi arha ita ce rage gudu: jirgin da ya rage kashi 10 na gudunsa kan tsimi kusan kashi 20 na mai a tafiya, sai dai kaya su ƙara kwana a hanya, jarin ɗan kasuwa yana kwance. Wasu sun koma ga iska kamar kakanni. A 2023 aka kafa wa jirgin Pyxis Ocean wasu filafilai biyu masu tsayin mita 37 da rabi, kuma a gwajin wata shida ya riƙa tsimin kamar tan 3 na mai a rana. A shekarar ce kamfanin Maersk ya ƙaddamar da jirgin kwantena na farko mai aiki da metanol. Masana na jami'ar UCL da ke Landan, waɗanda suka daɗe suna yi wa OMI lissafin hayaƙi, sun fi sa rai ga amoniya, sinadarin nan da ake yin takin yuriya da shi. Matsalarta biyu: mai tsabtarta ta fi baƙin mai tsada nesa, kuma guba ce, in ta tsiyaya a ɗakin inji tana iya kisa. Wani nazari na 2022 ya ce ma'aikata har 800,000 na iya buƙatar sabon horo kafin tsakiyar shekarun 2030. Makarantun teku na yankinmu, ta Akara da ta Abijan, suna da aiki a gabansu.

To wa zai biya? In kuka karɓi takardar kuɗin dako, ku sa yaro mai lakkol ya duba muku layin da aka rubuta BAF, nan ne ƙarin kuɗin mai ke ɓuya, kuma ku tambayi taranziter duk wani sabon layi da ba ku saba gani ba. A watan Afrilu na 2025 ƙasashen OMI suka tsara wani shiri da zai sa manyan jirage su biya dala 100 zuwa 380 a kan kowane tan na hayaƙin da ya wuce ƙa'ida, a zuba kuɗin a wani asusu, wani kaso a tallafa wa ƙasashe matalauta da tsadar za ta fi daka. Nazarin da CNUCED ta yi ya nuna ƙasashe marasa ƙarfi, masu dogaro da abincin da ake shigowa da shi daga nesa, su za su fi jin nauyin. Amurka ta ƙi shirin, ta yi barazana ga masu goyon bayansa. A watan Oktoba na 2025 aka kaɗa ƙuri'a a Landan, ƙasashe 57 suka ce a ɗage maganar da shekara guda, 49 suka ce a'a, aka ɗage. Benin, Togo, Gana da Najeriya, waɗanda kayanmu ke sauka a tashoshinsu, duk mambobin hukumar ne. Nijar kuwa, lokacin da aka kaɗa wannan ƙuri'a, ba ta cikin ƙasashe 176 masu kujera a zauren.